Rairayin Tasker da na bakin teku: amsa ga mai shirin zaga tsibirin K'gari da kat-kat, motar da ke ja da taya huɗu

Wani ɗa namu ɗan unguwar Birni, wanda ke karatu a Birisben ta ƙasar Ostireliya, ya aiko mini da tambaya ta hannun mahaifinsa, abokin zaman shayina a bakin gareji. Ga abin da ya ce: "Baba, idan an ba mu hutun Disamba, ni da abokaina huɗu muna so mu hayi kat-kat mu zaga tsibirin K'gari kwana uku. Ni za su ba tuƙi, don na faɗa musu na saba da rairayi tun ina bin kawu zuwa Tasker. Abin da na sani ya isa, ko mu bi masu jagora?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya tun ba ka biya kuɗin haya ba. Shekara 27 na yi ina tuƙi a rairayi, daga Damagaram zuwa Tasker da Termit, daga Agadas zuwa Dirku da Bilma. Kuma Allah ya nufa na taka wannan tsibiri sau ɗaya, lokacin da na je ganin 'yata da ke aure a can, muka yi kwana huɗu a kansa ni da mijinta. Abin da ka koya a hanyar Tasker zai ɗauke maka rabin aikin. Sauran rabin ba ka taɓa ganinsa ba, domin rairayinmu ba shi da teku a gefensa, kuma a can teku ne ke faɗa maka lokacin da za ka tada mota da lokacin da za ka kashe ta.

Ka fara sanin wurin. K'gari shi ne tsibirin rairayi mafi girma a duniya, yana gaɓar jihar Kwinsland, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 120, wato bai kai daga Damagaram zuwa Tanut ba. Da can ana kiransa Fraser, sai a 2023 gwamnatin jihar ta mayar masa da sunan da mutanensa na asali, ƙabilar Butchulla, ke kiransa da shi. Ba a furta K ɗin, don haka a kunnen Bahaushe sai ka ji kamar an ce "gari". Tun 1992 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Kwalta kuwa, in ban da ɗan abin da ke cikin wuraren saukar baƙi, babu ita. Babbar hanyar tsibirin ita ce gaɓar teku ta gabas, wadda suke kira gaɓar mil 75. Hanya ce ta gwamnati da dokokinta: a bi hannun hagu, a ɗaura bel, kada a wuce kilomita 80 a awa, kuma 'yan sanda suna tsayawa a kanta suna gwada numfashin direbobi. Har ƙananan jiragen sama suna sauka a kan wannan gaɓa, akwai alamun wuraren da aka keɓe musu, in ka gan su ka rage gudu ka ɗaga kai.

Yanzu ga abin da nake so ka karanta sau biyu. Teku yana cika yana ja baya sau biyu a kowace rana. Idan ya ja, sai ya bar maka fili mai faɗi, rairayi jiƙaƙƙe mai tauri, mota na tafiya a kai kamar sabuwar kwalta. Idan ya cika, sai ya cinye wannan fili kaf, ya matse ka zuwa gindin tudu inda rairayi yake busasshe mai laushi, a wasu wuraren ma babu inda za ka raɓe. Shawarar hukumar gandun daji ta can ita ce a yi tafiyar gaɓa cikin awa biyu kafin cikakkiyar janyewa zuwa awa biyu bayanta. Wato kusan awa huɗu ke gare ka, ba yini ba. Kuma wannan lokaci ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana jinkirta da kimanin minti 50. In yau teku ya gama ja da ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura minti goma, jibi kuma ya ƙara gaba. A kwanakin tsayuwar wata da na daren sha huɗu cikar ta fi ƙarfi, ta fi hawa sama.

Ka ga inda al'adarmu ke iya cutar da kai. Mu a Tenere mun saba da sammako: ka yi asuba, ka tada mota tun rairayi yana da sanyi, don rairayi mai sanyi da raɓa ya fi ɗaukar mota, da rana ta take kuma sai a nemi inuwa. Wannan ilimi ne na gaskiya, ya ceci rayuka. Amma a K'gari in asuba ta zo daidai da cikar teku, sammakonka ba shi da amfani, sai dai ka zauna ka jira. Na tuna ranarmu ta biyu, na tashi tun duhu na ɗaure kaya kamar yadda na saba, surukina ya buɗe takardar lokutan teku ya nuna mini da yatsa cewa ba za mu motsa ba sai sha ɗaya. Raina bai so ba. Na taka da ƙafa zuwa gaɓa don in gani da idona, sai na tarar wurin da muka bi jiya da yamma da mota ruwa ne iya gwiwa, yana dukan gindin tudu yana komawa, babu ko sawun taya ɗaya. Tun daga nan ban ƙara musu da takardar ba. A sahara in mota ta kafe, kana da lokaci: ka sauke kaya, ka sha ruwa, ka jira sanyin yamma, ka haƙa a hankali. A bakin teku in ta kafe kuma ruwa yana dawowa, mintoci kake ƙirgawa. Kowace igiya tana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin taya, motar na ƙara nutsewa. Motoci da yawa sun tafi a haka.

Saboda haka kafin ka zaɓi ranakun tafiya, ka nemi jadawalin teku na waɗannan ranaku. Ka zaɓi kwanakin da janyewa ke faɗowa tsakanin hantsi da azahar. Da haka za ka tsara komai, har da lokacin hawa jirgin fito.

Jirgin fito mai ɗaukar motoci wuri biyu ake hawansa. Ɗaya a Inskip Point kusa da garin Rainbow Beach, tafiyar kimanin awa uku daga Birisben, tsallakawar minti goma ce ya sauke ka a Hook Point, ƙarshen tsibirin ta kudu. Ɗayan a River Heads kusa da Hervey Bay, ya fi daɗewa a ruwa amma yana sauke ka a gefen yamma inda hanyar cikin daji ta fara. Inskip Point ta yi suna wajen kafe motoci, domin rairayin da ke tsakanin ƙarshen hanya da bakin jirgi mai zurfi ne kuma motoci sun tattake shi sun mai da shi gari. Mutum bai ma shiga tsibirin ba ya kafe a gaban jama'a. Hook Point kuma in teku ya cika ba ta biyuwa, sai ka bi tsohuwar hanya ta ciki mai gargada. In ka bi shawarata, zuwan farko ka shiga ta River Heads, hannunka ya saba da motar a hanyar daji kafin ka fuskanci gaɓa.

Maganar iskar taya kuwa, nan ne ilimin gida zai yi maka aiki sosai. Ka san dalilin rage iska: ba don taya ta yi faɗi kawai ba, don sawunta ya yi tsawo, nauyi ya bazu, kamar tafin raƙumi. Mu da kilo muke aunawa, su da psi, kilo ɗaya kuwa ya kai psi 14 da rabi. Motar da ke tafiya da kilo 2 da rabi a kwalta, a rairayin can ana sauke ta zuwa wajen kilo 1 da rabi, wato psi 20 zuwa 22, in wuri ya yi laushi ƙwarai a ƙara ragewa kaɗan a fita, sannan a mayar. Amma ka tambayi masu motar iyakar da suka yarda da ita, ka tsaya a kai, don kowace mota da nauyinta da irin tayarta. Kuma kada ka auna da ido ko da bugun ƙafa kamar yadda wasu yaran mota ke yi a tasha. Ka riƙe ma'auni, ka tabbata an ba ku famfon da ake haɗawa da batir. Taya mai ƙarancin iska ba ta son abu biyu: gudu da karya kwana da ƙarfi. In ka fizgi sitiyari, tana iya ficewa daga ƙarfenta, ƙarfen ya caki ƙasa, mota ta kifa. Idan kun sauka daga jirgi za ku koma kwalta, ku cika iska kafin ku kama hanya.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da matasa biyar a mota ɗaya a wannan gaɓa shi ne daɗin hanyar. Fili shimfiɗe, babu rami a ido, ƙafa sai ta yi nauyi a kan totur ba ka sani ba. Amma ƙoramu masu yawa suna fitowa daga cikin tsibirin suna ratsa gaɓa su faɗa teku, kowace tana yanka rairayi ta bar gaɓa mai tsayi, wani lokaci taƙi ɗaya, wani lokaci ta kai gwiwa, kuma da rana tsaka ba a ganinta sai an zo kanta, don ba ta da inuwa. Kamar bayan tudun rairayi ne da iska ta yanke, wanda ka san ba a hawansa da gudu sai an leƙa. Wurin da ka wuce lafiya da safe, da yamma ya canza. Tamanin ɗin nan iyaka ce, ba umarni ba. Ni ban wuce sittin ba, inda na hangi ƙyallin ruwa kuma na koma ashirin. Da dare kada ka hau gaɓa ko kaɗan.

Game da kaya, ka manta da yadda muke lodin mota a tashar Agadas, jarkoki da buhuna a sama mutane a kansu. Na taɓa ganin abin da wannan ke jawowa tsakanin Tasker da Termit: mota ta gangaro gefen tudu da lodi a kanta, ba gudu take ba, nauyin sama ne kawai ya rinjaye ta ta kwanta, muka kwana muna ɗaure karayar wani yaro da tsumman rawani. A K'gari ma an yi asarar rayukan baƙi 'yan yawon buɗe ido a haɗurran kifewa, shi ya sa aka kafa doka cewa motar haya ba ta ɗaukar fiye da mutum takwas, kuma ba a ɗora mata kaya a rufi. Abu mai nauyi, ruwa da akwatin sanyi, ku sa shi ƙasa a tsakiyar mota ku ɗaure.

Ƙorama mafi girma a gefen gabas ita ce Eli Creek. Ruwanta garai-garai, mai sanyi, mutane na shiga suna bin sa yana tafiya da su. Wurin tsallakawa da mota yana sauyawa, don haka ka tsaya nesa, ka ga inda waɗanda suka riga ka suka bi, in kana shakka ka sauka ka taka da ƙafa. Ka shiga da ƙaramin giya, tafiya ɗaya ba tsayawa, ba canza giya a tsakiya. Tsayawa cikin ruwa mai gudu a kan rairayi shi ne kafewa. Ruwan teku kuwa kada ka bari ya taɓa motar da gangan, ko da ka ga wasu suna watsa shi don a ɗauke su hoto. Gishiri yana cin ƙarfe da wayoyin wuta, ka ga yadda kanwa ke cin ƙasan motocin da ke zirga-zirgar Manga, to wannan ya fi. Masu ba da haya suna duba ƙasan mota idan an dawo da ita, kuma galibi inshorarsu ba ta biyan ɓarnar ruwan gishiri. Ka karanta takardar yarjejeniya layi-layi, har da wuraren da suka hana zuwa, don da yawansu ba sa yarda a kai motarsu can ƙuryar arewa ko gaɓar yamma mai laka da rairayi mai haɗiye mota.

In kun kafe, kuma za ku kafe ko sau ɗaya, musamman a hanyar da ke zagaye dutsen Indian Head inda rairayi yake da zurfi, abin da kawunka ya koya maka shi ne daidai. Da ka ji taya na juyawa mota ba ta gaba, ɗauke ƙafarka. Ƙara wuta ƙara haƙa kabari ne. Gwada komawa baya a kan sawunka. In ta ƙi, rage iska, kwashe rairayin gaban tayoyi huɗu da na ƙarƙashin ciki da shebur, sa faranti. Irin farantan ƙarfen da muke ɗaurawa a gefen mota, su na roba mai ƙarfi suke da su, masu haƙora, marasa nauyi. Ka tabbata suna cikin motar kafin ka sa hannu. Igiyar ja mai talewa ita ce ban so ku taɓa in babu wanda ya iya a cikinku. Kada a taɓa maƙala ta a ƙwallon jan tirela, don yana karyewa ya tashi kamar harsashi, ya kashe mutane a ƙasar nan da kake. A ɗaura a wurin da aka yi don ja, kowa ya matsa nesa.

Hanyoyin cikin tsibirin dabam suke. Ƙunci gare su, mota ɗaya suke ɗauka, iyakar gudu kilomita 30, kuma sau da yawa ko ashirin ba za ka yi ba saboda saiwoyi da ramuka. Kilomita goma sha biyar na iya cin kusan awa guda. Akwai 'yan wuraren raɓewa, in kun haɗu da wata mota wanda ya fi kusa da su shi ke kaucewa, manyan motocin masu yawon buɗe ido kuma a ba su hanya. Amma a nan ne abin da ya fi tsaya mini a rai yake. Ni da na san rairayi da talha da ƙaya da bagaruwa jefi-jefi, sai ga ni a wani zango da ake kira Central Station cikin kurmi mai duhu, itatuwa sun tafi sama mutum uku ba za su rungume ɗaya ba, kuma duk a kan rairayi suka tsiro. Na durƙusa na tona da hannu don in tabbatar: ganye ruɓaɓɓe a sama, ƙarƙashinsa farin rairayi tas. A gefe ga ƙorama tana gudu ba ta ƙara, ruwan ya yi haske har sai ka ɗauka babu shi. An daɗe ana saran katako a wurin, sai a 1991 aka daina. Tafkin McKenzie kuma, wanda masu ƙasar ke kira Boorangoora, ruwan sama ne zalla da ya taru a kan tudu, babu rafin da ke shiga babu mai fita. Ruɓaɓɓen ganye ne ya haɗu da rairayi ya yi tauri a ƙasa ya riƙe ruwan kamar kasko. Irin waɗannan tafkuna kusan 40 ne a tsibirin. In za ku yi wanka ku yi a nan ko a Eli Creek. Tekun gabas kada ku shiga, yana da ja mai ƙarfi da manyan kifayen shak masu cizon mutum, kuma babu masu ceto a gaɓar.

Za ku wuce gawar jirgin ruwan Maheno a kan gaɓa, wanda guguwa ta jefo a 1935 ana jan sa zuwa Japan. Ya yi aikin asibiti a yaƙin duniya na farko. Tsatsa ta gama da shi, an hana hawa, ku tsaya daga gefe.

Sai karnukan daji da ake kira dingo. Za ka gan su kamar karen gida ja mai siririn jiki, irin na Buzaye, suna yawo a gaɓa ba sa tsoron mutum. Ba na gida ba ne. A 2001 sun kashe yaro ɗan shekara tara kusa da Waddy Point, kuma ana samun cizo lokaci zuwa lokaci. Ba su abinci laifi ne mai tara mai nauyi. Kada ɗayanku ya yi tafiya shi kaɗai, ko zagayawa ne da dare a tafi biyu da sanda. In kun haɗu da shi kada ku gudu, ku tsaya tsaye ku fuskance shi ku ja baya a hankali. Abinci da shara a kulle cikin mota. Ku kama wurin kwana a zangon da aka kewaye da shinge, akwai su a Central Station da Dundubara da Waddy Point. Kuma idan za ku yi salla a fili, shawarata ɗaya ya tsaya yana dubawa har sauran su idar. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba kamar gida. A gaɓar gabas teku zai kasance a bayanku, don haka ku hau sama nesa da ruwa da hanyar motoci kafin ku shimfiɗa darduma.

Na san ɗan Damagaram ba ya tafiya ba butar shayi. Ka tafi da ita, amma da ƙaramin murhun gas. Hura wuta a ƙasa haramun ne a tsibirin in ba a 'yan wuraren da hukuma ta gina don haka ba. A ƙarshen 2020 wutar da wasu suka hura ba bisa ƙa'ida ba ta ci kusan rabin tsibirin, ta yi makonni tana ci. Disamba kuma lokacin zafinsu ne, ciyawa a bushe, rairayi ya fi laushi, jama'a sun fi yawa saboda hutun makarantu. Ku ɗauki ruwan sha kamar masu shiga sahara, nama na halal ku saye tun daga Birisben, mai kuma ku cika tanki kafin ku hau jirgi, don rairayi yana shan mai fiye da kwalta kuma na tsibirin da ake sayarwa a wurare irin su Eurong da Happy Valley yana da tsada. Waya ba ta kamawa a wurare da yawa. Lambar neman agaji 000 ce.

Takardu uku ne: izinin shigar da mota tsibirin da izinin kwana a zango, duka daga hukumar gandun daji ta Kwinsland ake sayensu ta intanet kafin a tafi, sai lasisinka. Namu na Nijar da Faransanci yake, don haka sai ka haɗa shi da fassarar Turanci da aka amince da ita ko lasisin ƙasa da ƙasa. Ka tambayi masu haya mafi ƙarancin shekarun da suke karɓa, da ko sun yarda wani ya karɓe ka tuƙi.

Kan ko ku bi jagora: akwai tsarin da jagora ke gaba da motarsa, ku kuna biye kuna tuƙa taku, kamar ayarinmu na Dirku. Da ni ne mahaifinka, wannan zan zaɓa maka a zuwan farko. Ba don na raina hannunka ba. Ka zauna gefen kawunka ka ga yadda ake yi, wataƙila ka riƙe sitiyari a fili, amma ba ka taɓa ɗaukar ran mutum huɗu a hannun hagu, a motar da sitiyarinta ke dama, a gaɓar da ke canzawa kowace awa shida ba. Kuma ka riga ka faɗa wa abokanka ka iya, wannan shi ke sa matashi ya ƙi juyawa inda ya kamata ya juya. In kun nace sai ku kaɗai, to ku zama mota biyu, ku mai da kwana ukun huɗu don kada lokaci ya matsa muku, ku tsaya daga Indian Head zuwa kudu, kuma ku bar wa wani a Birisben tsarin tafiyarku da ranar dawowa.

Idan ka samo jadawalin teku na makon da kuke so, ka ɗauki hotonsa ka turo wa mahaifinka tare da sunan irin motar da za a ba ku. Zai kawo mini gareji, mu zauna in fitar maka da lokacin tashi da na tsayawa na kowace rana.